Koya wa yara addu'a: tambayoyin da iyaye Kiristoci a Kano suke yawan yi mini

Ina koyarwa a wata makarantar firamare a Sabon Gari, ranar Lahadi kuma ni ke riƙe da ajin ƙananan yara a sujadar Hausa. Da wuya a tashi daga coci ban sami wata uwa ko wani uba ya ja ni gefe ba: "Malama, ina da 'yar tambaya." Shekara da shekaru tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ga gara in tattara su wuri guda. Amsoshin nawa ne, daga abin da na karanta a Littafi Mai Tsarki da abin da idona ya gane mini a aji da cikin gidana. Inda tsarin ikkilisiyarku ya sha bamban da abin da na faɗa, ku tuntuɓi fastonku ko fadanku.

Daga shekara nawa ake fara koya wa yaro addu'a?

Tun yana goye. Jaririn da ke bayan uwarsa a taron zumuntar mata yana jin yadda muryarta ke sauyawa in ta sunkuyar da kai, yana kuma jin "Amin" ɗin da ɗakin ke ɗauka gaba ɗaya. Yara da yawa a ajina sun iya "Amin" tun kafin su iya faɗin sunansu daidai. Manzo Bulus ya tuna wa Timoti cewa tun yana ɗan ƙarami ya san Littattafai masu tsarki (2 Timoti 3:15), ya kuma faɗi inda bangaskiyar ta samo tushe: kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Ba a banza iyayenmu suka cika raɗa wa 'ya'ya mata sunan Afiniki ba.

Ɗan shekara 2, jimla ɗaya ta ishe shi: "Allah, mun gode da abinci." Ɗan shekara 4 zai iya lissafa mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya yana roƙon Allah ya kiyaye su, har da akuya in akwai ta. Kada a hana shi. Abin da yake ƙauna ne yake kai wa Allah, kuma daga nan addu'a take farawa.

Ni kaina ban iya tsara addu'a ba. Yaya zan koya wa 'ya'yana?

Maza ne suka fi yi mini wannan tambayar, murya ƙasa-ƙasa. Mutum ya ji yadda dattijon ikkilisiya yake jero kalmomi ranar Lahadi, sai ya ɗauka ita ce addu'a, shi bai kai nan ba. Daga nan sai ya sakar wa maman yara, ya koma ƙofar gida har a gama.

Baba, almajiran Yesu manyan mutane ne da suka taso suna zuwa majami'a, amma sai da ɗayansu ya ce, "Ya Ubangiji, ka koya mana yin addu'a" (Luka 11:1). Abin da ya koya musu kuwa bai cika minti ɗaya ba in an faɗe shi. A Matiyu 6:7 ya gargaɗe mu kada mu zaci yawan magana ne ke sa a ji mu. Mai karɓar harajin nan na Luka 18 jimla ɗaya ya faɗa yana bugun ƙirji, shi ne kuma ya koma gida baratacce.

Abin da ɗanka yake bukata shi ne ya ji muryarka kana gaya wa Allah gaskiyar halin da kake ciki: "Ya Uba, yau kasuwa ba ta yi ba, kuɗin haya ya ƙarato, ka taimake mu." Yaro yana ganin babu abin da ya fi ƙarfin babansa. Ranar da ya ji wannan baban yana roƙo haka, ya koyi darasin da ni ba zan iya ba shi a aji ba, ko da zan shekara 10 ina yi. In kuwa kullum uba yana waje lokacin addu'a, ɗa namiji zai yanke a ransa cewa addu'a ta mata ce da ƙananan yara. Ranar da gashin baki ya fara tsiro masa, shi ma zai bi babansa ƙofar gida. Na ga wannan ya faru sau da yawa, kuma yana ci mini rai.

A sa yaro ya haddace ne, ko a bar shi ya faɗi abin da ke ransa?

Duka biyun. Akwai masu raina hadda, suna cewa karatun aku ne. Ban yarda ba. Mu da muke zaune a Kano muna ganin 'ya'yan maƙwabtanmu, 'yan shekara 5 da 6, suna dawowa daga Islamiyya da surori a ka. Ƙwaƙwalwar namu yaran ba ta gaza tasu ba. Addu'ar Ubangiji (Matiyu 6:9-13), Zabura 23, Zabura 121, da alherin da muke rufe sujada da shi (2 Korintiyawa 13:14), duk yaro zai iya riƙe su kafin ya gama aji uku. Hadda ajiya ce. Ranar da mutum ya kwanta a gadon asibiti bakinsa ya kasa ƙirƙirar sabuwar magana, abin da ya haddace yana yaro shi ne zai taso masa.

Sai dai a riƙa warware masa ma'ana, layi ɗaya a mako ma ya isa. "Ka ba mu yau abincin yini": a tambaye shi wa ya noma geron kunun da ya sha, wa ya kawo shi Dawanau, wa kuma ya kwana da yunwa a layinmu. "Kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suke yi mana laifi": a tambaye shi ko har yanzu yana riƙe da ƙaninsa a zuci saboda fensirin da ya karya masa. Bayan hadda kuma a ba shi fili, ko da rabin minti ne, ya faɗi nasa.

Gidajen Katolika suna farawa da alamar gicciye da "A gaishe ki Maryamu", 'yan Angilikan suna da rubutattun addu'o'in safe da yamma, 'yan ECWA da COCIN da HEKAN da Baftis sun fi sabawa da addu'ar da mutum ke tsarawa da bakinsa. Kowane gida ya bi abin da ya gada, amma kada a koya wa yaro raina na wani. A aji ɗaya suke zama ranar Litinin.

Da wane harshe? A makaranta Turanci suke yi, a gida kuma Hausa muke ji.

Wannan ce tambayar da na fi so a yi mini, don nan ne nake ganin muna asara ba mu sani ba.

Kowace safiya a taron makaranta yara suna rera addu'a da Turanci, da sauri, da murya ɗaya, gwanin daɗi. Wata rana na tsayar da 'yan ajina na tambaye su ma'anar layin farko da suka faɗa. Shiru. Wata yarinya mai ƙoƙari ƙwarai ta ce ita dai ta san ana faɗa ne kafin a shiga aji. Ranar nan na ce kowa ya gaya wa Allah abu ɗaya da harshen da yake magana da mamarsa. Sai yarinyar nan ta ce da Hausa, "Allah, ka sa Baba ya daina yi wa Mama tsawa." Ajin ya yi tsit. Shekarunta uku tana addu'a a makarantar, amma ranar ce na fara jin ta yi magana da Allah.

Harshen da yaro yake kuka da shi, yake neman abinci da shi, yake kai ƙara da shi, da shi ya kamata ya fara addu'a. A Sabon Gari da Badawa da Birged wannan harshe zai iya zama Hausa, ko Ibo, ko Yarbanci, ko wani daga harsunan Kudancin Kaduna da Filato, wani gidan ma Turancin ne da gaske. Ba na gaba da Turanci, da shi nake koyarwa. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya taso yana zaton Allah kamar hedimasta yake, sai an sa yunifom an gyara lafazi kafin a je gabansa.

Mu masu jin Hausa ba mu da uzuri. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller, wanda mutanen Zariya da Wusasa suke kira Likita Mila, ya ɗauki shekaru yana yi tare da abokan aikinsa. A ƙarshen shekarun 1970 aka kammala sabuwar fassara. Shi ya sa za ka ji kaka tana cewa "mulkinka shi zo", jikanta kuma yana cewa "mulkinka ya zo". Kada a gyara wa kaka, kada kuma a tsawata wa jika. A zaunar da su tabarma ɗaya. 'Yan'uwanmu Hausawa masu bi na ƙauyukan Sumaila da Tudun Wada da Rogo, waɗanda suka shigo birni neman abinci, su ne na fi roƙo a kan wannan: kada ku bar 'ya'yanku su ɗauka bin Almasihu yana nufin ajiye Hausa.

Muna fita kasuwa da sassafe, mu dawo a gajiye. Ina lokacin yake?

Ladanin unguwarku yana tashe ku da asuba ko kun so ko ba ku so ba. Maƙwabci ya tashi ya yi alwala, kai ma tashi ka tara iyalinka minti biyar kafin a ɗora ruwan wanka: waƙa ɗaya, aya ɗaya, addu'a gajeriya. Daniyel yana da aikin mulki a hannunsa, amma sau uku a rana yake durƙusawa (Daniyel 6:10). Maimaitawar Shari'a 6:7 kuma ba ta ce sai an keɓe awa guda ba. Ta ce a zaune a gida, da tafiya a hanya, da kwanciya, da tashi. Cikin A Daidaita Sahu a hanyar makaranta ma wuri ne. Minti biyar kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a wata.

Yarona yana buɗe ido, yana wasa, wani lokaci har dariya yake yi. In doke shi?

A'a, don Allah. Rufe ido al'ada ce mai kyau da ke taimaka wa hankali ya tattaru, amma ba doka ba ce. Yesu kansa ya ɗaga idanunsa sama ya yi addu'a a bakin kabarin Li'azaru (Yohanna 11:41). Da almajirai suka kori yaran da aka kawo masa, su ya ji haushi, ba yaran ba (Markus 10:13-16). Yaron da ake zabga wa mari a tsakiyar addu'a zai haɗa sunan Allah da zafin kunci, kuma wannan tabo yana daɗewa.

In ɗan shekara 3 ya kasa natsuwa, yawanci addu'ar ce ta yi masa tsawo. A gajarta. A ɗora shi a cinya, a riƙe hannunsa, a ba shi aiki: shi zai ɗauko Littafi, shi zai ce "Mu yi addu'a", shi zai rufe da "A cikin sunan Yesu". Babban yaro da ke yi da gangan kuwa, a bari sai an gama, a kira shi gefe a yi masa magana.

Na sa shi a makarantar mishan, ina biyan kuɗi. Ashe hakan bai wadatar ba?

Bai wadatar ba, Mama. Makarantun mishan suna da tsohon tarihi a garin nan, tun 1948 sistocin St. Louis suka iso Kano da aikin koyarwa, kuma an amfana ƙwarai. Amma malama tana da yara cike da aji. Za ta iya koya musu kalmomi da waƙoƙi da labarin yaro Sama'ila da ya ji kira da dare. Ba za ta iya zama a bakin gadon ɗanki ba ranar da mafarki ya firgita shi.

Mu malamai ma muna da namu gyaran. Mu daina mai da addu'a horo, irin a ce wa mai surutu ya durƙusa ya roƙi gafara a gaban aji ana kallonsa. Mu daina ba yaro ɗaya tilo mai zaƙin baki jagorancin addu'ar safe kullum saboda yana burge baƙi. Mai in'ina ma a ba shi rana, a kuma hana kowa yi masa dariya. In akwai 'ya'yan Musulmi a ajin, kamar yadda ake samu a makarantunmu da yawa, amana ce iyayensu suka ba mu. Kada a tilasta musu faɗin abin da ba a yarda da shi a gidansu ba.

Ɗiyata tana makarantar da kusan kowa Musulmi ne. Me za ta yi lokacin addu'ar taro?

Ta tsaya cikin ladabi, kada ta yi surutu ko raini, ta yi tata a zuci. Hannatu ta yi addu'a leɓunanta na motsi ba a jin muryarta, Allah kuwa ya ji (1 Sama'ila 1:13). Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar addini ko shiga ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Wannan kariya ta kowa ce, Kirista da Musulmi. In wata matsala ta taso, uba ko uwa su je da kansu, su yi sallama, su gaisa da shugaban makaranta, su yi bayani a natse. Sau da yawa rashin sani ne, kuma magana mai daɗi tana warware shi. Kada a tura yarinya ta yi faɗan da na manya ne.

Ɗana ya tambaye ni me ya sa abokansa suke salla sau biyar mu ba ma yi, kuma wai me ya sa muke cewa "Allah".

Ki gode wa Allah da ya kawo tambayar gida. Ki gaya masa gaskiya ba tare da zagin kowa ba: maƙwabtanmu suna da lokuta biyar da addininsu ya ɗora musu, kuma yadda suke kiyaye su abin girmamawa ne. Mu ba a ƙayyade mana adadi ba, an ce mana ne mu yi ta addu'a ba fasawa (1 Tasalonikawa 5:17), muna zuwa gaban Allah a matsayin 'ya'ya, ta wurin Yesu Almasihu. Sai dai ki sani, in yaro yana ganin maƙwabci yana shimfiɗa darduma kullum, a gidansu kuma ba ya ganin kowa ya durƙusa, bayaninki ba zai shige shi ba.

Kalmar "Allah" kuwa, ita ce ke cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa tun daga ayar farko ta Farawa, kuma Kiristocin Larabawa a Masar da Labanan da ita suke kiran Mahalicci. Ba aro yaronki ya yi ba, harshensa ne.

Mun yi ta addu'a kakar ɗana ta warke, amma ta rasu. Yanzu ya ce Allah ba ya ji.

Kada ki yi saurin rufe masa baki da "Kul, kada ka ƙara faɗa." Zabura cike take da mutanen da suka tambayi Allah "har yaushe?" da "don me?", kuma ba a goge maganarsu daga Littafi ba. Kada kuma a ce masa bangaskiyarsa ce ta yi kaɗan. Wannan kaya ne da ko babba ba zai iya ɗauka ba, balle ɗan shekara 7.

Ki zauna da shi. In hawaye ya zo miki, ki bar shi ya gani. Ki gaya masa Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa wata ƙaya, ba a cire ba, aka ce masa alherin Allah ya ishe shi (2 Korintiyawa 12:8-9). Ki gaya masa Yesu a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, sannan ya ce ba nufinsa ba, sai na Uba. Ki gaya masa Yesu ya yi kuka a kabarin abokinsa. In ya ce ba zai yi addu'a yau ba, ki ce, "To, zauna kusa da ni, ni zan yi mana." Wata rana zai karɓa.

Tun kafin irin wannan rana ta zo, mu kula da yadda muke koyarwa. In kullum muna nuna wa yara addu'a kamar kanti ce, ka miƙa roƙo a miƙo maka kaya, to ranar da ba a miƙo ba komai zai rushe musu. Shi ya sa a ajina muke fara kowace addu'a da godiya, sannan neman gafara, sannan roƙo domin wasu, namu bukatun su zo a ƙarshe.

A wasu wuraren ana koya wa yara su yi ta kiran wuta a kan maƙiya. Daidai ne?

Ban yarda da shi ba ko kaɗan. Da Yakubu da Yohanna suka nemi izinin kiran wuta daga sama a kan wani ƙauyen Samariyawa, Yesu juyawa ya yi ya tsawata musu (Luka 9:54-55). Umarninsa a Matiyu 5:44 a fili yake: mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu yi wa masu tsananta mana addu'a. Yaron da aka saba masa da ihun "su mutu" zai fara neman maƙiyi a fuskar gwaggonsa da maƙwabciyarsu.

Ba daga nesa nake wannan magana ba. Muna garin nan ranar 20 ga Janairu 2012, da aka kai hare-haren bama-bamai a Kano. Muna nan ranar 29 ga Afrilu na shekarar, da aka kai wa masu sujada hari a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, da ranar 18 ga Maris 2013 da bam ya tashi a tashar New Road. Muna nan kuma ranar 28 ga Nuwamba 2014, da aka kashe masallata a babban masallacin Juma'a na kusa da fadar Sarki. Kuka ya shiga gidajen Kirista, ya shiga gidajen Musulmi. Yaran da ke ajina yanzu ba a haife su ba a lokacin, daga bakinmu za su ji labarin, kuma yadda muka ba da shi haka za su riƙe shi. Irmiya 29:7 ta ce a nemi zaman lafiyar birnin da ake zaune a ciki, a yi masa addu'a. Saboda haka a ajina muna ambaton Kano da sunanta, da masu mulkinta kamar yadda 1 Timoti 2:1-2 ta ce, da mai shagon layinmu, da maƙwabciyar da ke aiko mana da naman Salla, da almajirin da ke kwana a sanyin hunturu.

Yara su yi azumi ko kwanan addu'a?

Ƙananan yara, a'a. Ko a dokar Cocin Katolika, azumi yana hawa kan mutum ne daga shekara 18, ƙaurace wa nama kuma daga 14. Azumin kwana 40 kafin Ista yakan faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, kuma kowa ya san zafin Kano. Yaro zai iya haƙura da alewa ko kallon talabijin, a tara kuɗin alewar a kai wa mabukaci. Kwanan addu'a kuma, in dole a je da shi, a tafi da zane a shimfiɗa masa ya yi barcinsa.

Ɗana ya kai shekara 15, ya daina zama sujadar iyali. Na makara ne?

Ba ki makara ba. Monika, mutuniyar Arewacin Afirka, ta shafe shekaru tana kuka tana yi wa ɗanta Agustin addu'a, sai a shekara ta 387 aka yi masa baftisma, yana da shekara 32. A wannan shekarun na ɗanki, gori da kwatanta shi da 'ya'yan wasu ba sa ƙara komai sai nisa. Ki tambaye shi abin da ke damunsa, ki saurara har ya gama, ko da abin da zai faɗa game da ke ne ko game da coci. Wani lokaci kunyar ƙannensa yake ji, sai ya fi sakewa da babansa su biyu, ko da wani shugaban matasa da ya yarda da shi. In jarrabawa ta ƙarato, ki tambaye shi, "Me kake so in roƙa maka?" Ku ci gaba da sujadarku a lokacin da kuka saba, da muryar da zai iya jiyowa daga ɗaki, a ambaci sunansa da alheri, a kuma bar masa wurinsa a tabarma.